Nonon uwa ya fi zaman ciki tasiri a ɓerayena

Da zan sake binciken da na yi kan yadda ƙarancin furotin a abincin uwa ke shafar 'ya'yan ɓeraye, abin da zan fara tanada shi ne uwayen goyo, tun kafin in sayi furotin ɗin madara na haɗa abincinsu. Har yanzu ina jin sanyi a raina da malamin da ke duba aikina ya matsa sai na musanya 'ya'yan ɓerayen tsakanin uwaye a ranar haihuwa. A lokacin gani nake ƙarin wahala ce kawai.

Tsarin sananne ne: ɓerayen gwaji mata, nau'in da ake kira Wistar, kashi ɗaya na cin abinci mai furotin 20 cikin 100, ɗayan 8 cikin 100, ƙarfin abincin daidai. Kimanin makonni uku da ɗaukar ciki suka haihu, 'ya'yan masu ƙarancin furotin suka zo ƙanana. Wannan kowa ya zata.

Musanyar ce ta buɗe mini ido. Waɗanda aka haifa ƙanana, da muka kai su wurin uwa mai ƙoshi, sai ga su suna ta cika har suka kamo 'yan uwansu. Waɗanda kuwa aka haifa lafiya lau muka bai wa uwa mai ƙarancin furotin, su ne suka tsumbure, kuma ko bayan yaye a kwana 21, da abinci mai kyau a gabansu, ba su taɓa kai nauyin sauran ba. Da ban musanya ba, da duk laifin na ɗora wa ciki, alhali nono ne ya fi yin ɓarnar a girman jiki.

Haka ma halayya. A kan dandamalin gwajin tsoro, mai hannu biyu a buɗe da biyu masu bango, tsumburarrun sun fi fita fili. Kada ka yi saurin rubuta "sun fi jarumta". Uwayen da suka shayar da su sun fi daɗewa kwance a kansu a sheƙa, to ta yaya za ka raba tasirin abinci da na reno?

Kada kuma kamowar nan da waɗanda aka haifa ƙanana suka yi ta ruɗe ka. Binciken wani masani mai suna Hales da abokan aikinsa a Ingila ya nuna mazan ɓerayen da suka yi irin wannan saurin girma sun fi gajeren rai. Sannan ka daidaita yawan 'ya'yan kowace uwa, takwas-takwas, ka shafa musu shimfiɗar sabuwar uwar kafin ka saka su, don warin baƙo na iya sa ta ƙi su ko ta cinye su.