Yadda na ɗaura wa Camaro ta 1969 faffaɗar taya a baya

Motocin nan na Amurka masu jibga-jibgan injina, irin su Pontiac GTO ta 1964, da Ford Mustang, da Dodge Charger, da Chevrolet Camaro, an ƙera su ne a zamanin da ƙarfin inji ya yi wa fasahar taya nisa. Camaro Z/28 ta 1969 ta fito daga kamfani da rim mai faɗin inci 7, tayar da ke kansa kuwa faɗinta wajen milimita 200 ne kacal, irin faɗin da ƙananan motocin yau ke hawa. To ina ga an ƙara wa irin wannan mota ƙarfi?

Tawa Camaro ce ta wannan shekarar, mai injin V8 na lita 5.7, wanda aka fi sani da 350. Bayan an canza mata kamshaf da kawunan silinda, aka buɗe mata salansa, sai ta daina jin magana a giyar farko. Da na taka totur da ɗan nauyi sai bayanta ya fara rawa, tayoyi na kuka, hayaƙi na tashi, mota kuma ba ta je ko'ina ba. A lokacin 245/45R17 ce a kanta gaba da baya, kan rim mai inci 8. Zuciyata ta riga ta tafi kan taya mai faɗin milimita 315, domin babu mai son waɗannan motoci da zai ga bayan Camaro cike da taya bai ji wani abu ya motsa masa a ƙirji ba.

Lambobin jikin taya su na fara zama na lissafa. A 275/40R17, 275 faɗin taya ne a milimita daga kumatu zuwa kumatu, 40 tsawon gefenta ne, wato kashi 40 cikin 100 na faɗin, 17 kuma girman rim ne a inci. Kashi 40 na 275 ya ba da milimita 110. A ninka biyu, sama da ƙasa, a haɗa da inci 17 wanda ya yi milimita 432, tsayin taya gaba ɗaya ya kama wajen milimita 652. Abin da ya faranta mini rai shi ne 245/45R17 da 275/40R17 da 315/35R17 duk tsayinsu ɗaya ne kusan, inci 25.7. Kenan kowacce na ɗauka a cikinsu, mitar gudu ba za ta yi mini ƙarya ba, ƙarfin giya kuma bai canza ba. Wanda ya koma 275/60R15, tayar da masu tseren miƙaƙƙiyar hanya ke so, ya hau taya mai inci 28: mita na nuna masa 100 alhali yana wajen 109, motar kuma ta ɗan yi nauyin tashi.

Sai awo, kuma a nan aikin yake. Taya ba ta zama inda mutum yake so, tana zama inda rim ya ajiye ta. Rim biyu masu faɗi ɗaya, ɗaya zai tura taya waje ta ci leɓen madigadi, ɗaya zai ja ta ciki ta goga sifirin. Bambancinsu shi ne inda fuskar da ake ɗaurewa a jikin aksil ta faɗo. Amurkawa suna auna zurfin bayan rim a inci: a kifa rim a ƙasa, a gitta miƙaƙƙen ƙarfe a kan leɓensa na ciki, a auna daga ƙarfen zuwa fuskar ɗaurin. Turawan Turai kuwa milimita suke rubutawa bayan haruffan ET, tazarar fuskar daga tsakiyar rim. Akwai wani abu da ke rikita mutane: rim ɗin da aka ce inci 9.5 ne, daga inda bakin taya ke zama ake auna shi, don haka ainihin faɗinsa daga leɓe zuwa leɓe wajen inci 10.5 ne. Rabinsa 5.25. Idan zurfin bayansa 5.5 ne, to fuskar ta gota tsakiya da kwatan inci, wajen milimita 6. Wanda ya manta da wannan inci ɗaya na leɓuna, rabin inci ya ɓace masa a kowane gefe, a wurin da rabin inci shi ne komai.

Na ɗaga motar, na sa matokaran ƙarfe a ƙarƙashin aksil ɗin kansa, domin nauyin mota ya zauna kan sifirin kamar tana ƙasa. Idan aka tokare ta a shasi, aksil ya yi lilo, duk awon da aka yi na banza ne. Na cire tayoyin, na samu guntun katako na huda shi daidai ramukan kusoshi biyu, na ɗaure shi a fuskar birki da noti. A ƙarshen katakon na lanƙwasa waya mai kauri ta ɗauki siffar taya, kafaɗa da kumatu da komai, faɗin inci 11, tsayi daga tsakiya kusan inci 13. Sai na riƙa juya aksil da hannu a hankali, fitila a ɗaya hannun, ina kallon inda wayar ke wucewa. A sama ta wuce lafiya. Da ta gangaro ta gaba sai na ji ƙir, ta taɓa wani ƙullin walda a cikin gidan tayar da ido bai taɓa kai wa ba. Ta ciki kuma tana wuce sifirin da shokazoba da tazarar da ɗan yatsa ke shiga da ƙyar. Na sassauta wayar, na matsar da ita, na sake juyawa, har na sami wurin da ta fi samun sarari ta ko'ina. Wannan wurin shi ya gaya mini zurfin rim ɗin da zan saya.

Kowane gefe da nasa awon. A tsofaffin motocin nan da wuya a sami aksil zaune daidai tsakiyar jiki, wasu tun daga kamfani, wasu shekaru da sassaucin bushin ne suka ja su. A tawa gefe ɗaya ya fi ɗaya matsi da kusan kwatan inci. Ga kuma shokazoba: tun daga 1968 Chevrolet ta sa ɗaya a gaban aksil, ɗaya a bayansa, don rage tsallen taya, saboda haka abin da ke tare hanya a dama ba shi ke tarewa a hagu ba. Gefen da ya fi matsi shi ne alƙali.

Wayar ta yanke hukunci: 275 kan rim mai inci 9.5 da zurfin baya inci 5.5 za ta shiga. 315 ba za ta shiga ba sai an yanka mota. Tana son rim mai wajen inci 11, kuma kafin ta zauna sai an tsaga gidan taya na ciki an faɗaɗa shi, an ɗan ci shasi an ƙarfafa shi da walda, an matsar da sifirin ciki, an sauya wa shokazoba mazauni, galibi har da ƙaramin tankin mai da gyaran kujerar baya. Masu yi suna yi, kuma idan gwani ya yi abin sha'awa ne. Amma jikin motata bai taɓa ganin injin yanka ba, ƙarfen da aka buga a 1969 ne, kuma wanda aka yanke ba ya komawa. Na kai maganar wajen wani dattijon bakanike da ya tsufa a kan irin waɗannan motoci. Na ce, "Baba, ka ga 315 ɗin nan ta hana ni barci." Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya kama sifirin ya jijjiga, ya ce, "Yaro, ka fara sa 275 ɗin ta riƙe ƙasa tukuna. Ko ita wannan sifirin ba zai iya da ita ba." Na bar maganar yanka.

Leɓen madigadi na ciki yana da kaifi, kuma yana miƙe ne kai tsaye wajen kafaɗar taya. Na naɗe shi sama da abin naɗi mai gangare da ake ɗaurewa a fuskar birki, ina gasa fentin da iska mai zafi kafin kowane turi, domin fenti mai sanyi tsagewa yake. Kaɗan-kaɗan ake bi, ana kai da komo. Ƙullin waldar nan kuma na kwantar da shi da guduma na shafe shi da maganin tsatsa.

Ramukan rim ba abin wasa ba ne. Tsohuwar Camaro kusoshi 5 gare ta a da'irar inci 4.75, wato milimita 120.65, Mustang kuwa inci 4.5. Akwai rim na wasu motocin Turai mai milimita 120 cif, wanda zai shiga kamar nasa ne, amma kowane noti zai zauna a karkace yana lanƙwasa kusarsa. Na kuma tabbatar noti ya ci zare aƙalla gwargwadon kaurin kusar, domin rim ɗin alminiyom ya fi na ƙarfe kauri a fuska, yana cinye tsawon kusa. Na ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, ina tsallake ɗaya, na sake bin su bayan tafiya kaɗan. Faifan da ake sakawa tsakanin rim da aksil don turo taya waje ban yi amfani da shi ba; tunda sabon rim nake saye, gara ya zo da zurfin da ya dace.

Mota a tsaye ba ta faɗin gaskiya. Aksil mai sifirin na ganye yana gocewa gefe a kwana, jiki yana kwantawa, kumatun taya suna buɗewa. Na shafe kumatun da alli, na cika tanki, na sa mutane biyu a kujerar baya, na hau gangare a karkace yadda taya ɗaya za ta nutse cikin gidanta, sannan na sha kwana dama da hagu da ɗan zafi. Da na cire tayoyin, allin ya goge a wuri ɗaya tak, ta ciki, inda wayar birkin hannu ta ɗan bulluƙo. Na ɗaure ta baya. Ni dai a ganina, duk inda tazara ta gaza rabin inci a tsaye, za a ji ta a hanya.

Sai ga maganar Baba ta fito. Ranar da na fara taka ta sosai daga tsaye, maimakon sulɓin da na saba, sai bayan motar ya kama dukan ƙasa, dam-dam-dam, har madubi na rawa. Na ɗaga ƙafa nan take. Abin da ke faruwa shi ne, taya ta kama ƙasa, aksil yana son juyawa baya, sai ya murɗe sifirin ya lanƙwashe. Sifirin ya ƙwace, taya ta yi tsalle ta sulɓe, ta sake dira ta kama. Siririyar taya ba ta taɓa riƙe ƙasa har ta kai ga haka ba. Wannan tsallen shi ke karya aksil da haƙoran giya da mahaɗar furofela. Na sa sandunan da ke hana sifirin murɗewa, na canza bushin da shokazoba, aka duba kusurwar da furofela ke shiga aksil. Bayan nan ne motar ta fara tsugunawa ta tafi. Idan aka ce in raba ladan riƙon da na samu, sandunan nan da shokazoba za su ɗauki babban kaso.

Dalili kuwa, faɗin taya ba ya ninka fatar da ke taɓa kwalta yadda ake zato. Girman wurin da ke taɓawa ya fi dogara ga nauyin da ke kan taya da iskar da ke cikinta. Faffaɗar taya siffar wurin take canzawa, ya zama mai faɗi kuma gajere, kamar tafin hannu da aka juya a gicciye. Ribarta ita ce ta fi jure zafi, ta fi tsayawa a kwana, kuma tana ba kamfani damar sa roba mai laushi. Irin robar da shekarunta suna da tasiri ƙwarai. Shi ya sa na duba lambobi huɗun ƙarshe na layin rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen kowace taya kafin in biya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Tsohuwar 315 da ta bushe a shago ba za ta kamo sabuwar 275 ba. Iska ma sai da na nemo mata daidai, na ja layin alli a gicciye kan tafin tayar na ɗan gangara: tsakiya kaɗai ya goge, alamar iska ta yi yawa, na rage har layin ya riƙa gogewa baki ɗaya.

Akwai abin da na biya. Tunda baya ya fi gaba riƙo yanzu, idan na shiga kwana da gudu hancin motar yana son miƙewa, sai na ƙara juya sitiyari. A ruwan sama kuma na rage gudu fiye da da, domin faffaɗar taya ta fi saurin hawa kan ruwa ta bar kwalta. Tayoyin gaba ba sa komawa baya, na baya ba sa zuwa gaba, don haka juya su don su ci daidai ya ƙare.

Abin da ya rage mini shi ne aksil. Ƙaramin nan ne na Chevrolet mai kusoshi 10 a murfi, kuma sandunansa masu juya taya wani ɗan ƙarfe mai siffar C ne kawai ke riƙe su daga can ciki. Idan sanda ta karye tsakanin wannan ƙarfen da taya, babu abin da zai hana taya da guntun sandar zarewa daga mota in birkin ganga ne. Da siririyar taya, sulɓi ne ke kare shi. Yanzu duk ƙarfin injin a kansa yake sauka. Masu irin wannan aiki sukan koma mai kusoshi 12, ko na Ford da ake kira mai inci 9 saboda girman babbar giyarsa, wanda boris ɗinsa ke riƙe sanda daga waje. Na fi karkata ga na Ford ɗin, kuma zan sa a yanka shi daidai faɗin wanda ke ciki yanzu, daga fuska zuwa fuska, don rim ɗin da na auna su zauna inda suke. Kafin nan ba na sakin kuloci da ƙarfi daga tsaye.