Kafin ka jefa tambaya a guruf ɗin 'yan gem

Duk guruf ɗin 'yan gem da ya kwana biyu, na eFootball ne ko na Free Fire ko na PUBG, akwai lokacin da hira ke mutuwa. An gama gasa, ba a fara wata ba, sai wani ya ce a riƙa yin kacici-kacici da daddare. Shawara ce mai kyau, kuma yawanci wanda ya fi kowa zumuɗi ake miƙa wa aikin. Na daɗe ina riƙe da shi a guruf ɗinmu na Telegram, kuma ƙannena, abin da ban gane da wuri ba shi ne mai yin tambaya alƙali ne. Mutane sun ba shi amanar makinsu da lokacinsu da datarsu. Ni kuwa na shiga aikin ne da niyyar a san na fi kowa sanin gem, kuma kusan duk ɓarnar da na yi daga wannan niyyar ta fito.

Tambayar da ta fi yi mini illa gajeriya ce: wace ƙasa ce ta ƙirƙiro PUBG? Na sa Koriya ta Kudu a matsayin amsa, domin kamfanin Krafton, mai gem ɗin, can yake. Wani yaro ya zaɓi Sin, ya ce gem ɗin da ke cikin wayoyinmu PUBG Mobile ne, wanda ya fito a 2018, kuma ma'aikatan kamfanin Tencent na Sin ne suka gina shi. Wani ya ƙara da cewa mutumin da ya tsara wasan tun asali, Brendan Greene, ɗan Ayilan ne. Dukansu gaskiya suka faɗa. Tambayata ce ba ta da kai. Maimakon in karɓa, sai na ce amsa ta riga ta fita, na goge saƙonninsu, na ce a wuce. Yaron ya rasa matsayi na ɗaya da wannan makin, bai yi zagi ba, bai yi hayaniya ba, ya dai daina shiga. Bayan shi wasu ma suka yi sanyi, domin kowa ya ga cewa sanin gaskiya ba ya amfani idan admin bai so ba.

Don haka duk tambayar da ka rubuta, zauna ka yi ƙoƙarin karya ta da kanka kafin wani ya karya maka ita a bainar jama'a. Nemi amsa ta biyu da za ta iya zama daidai. Idan ka same ta, tambayar ba ta nuna ba tukuna. Duniyar gem cike take da irin waɗannan ramuka. "Mutum nawa ke sauka a wasa ɗaya na PUBG?" A taswirar Erangel 100 ne, a Livik 52. "Free Fire na wace ƙasa ce?" Garena da ke fitar da ita a Singafo take, amma 111dots Studio da ya gina ta na Biyetnam ne. "Yaushe aka fara PES?" Sunan Pro Evolution Soccer, wato PES, ya bayyana a 2001, alhali Konami, kamfanin da ke yin gem ɗin, ta fara jerin wasannin da sunan Winning Eleven tun 1995, sannan a 2021 ta mai da shi eFootball. Maganin duk wannan kalma biyu ko uku ne da za ka ƙara: faɗi taswirar, faɗi ko ta waya kake nufi ko ta kwamfuta, faɗi ko mai ginawa kake nema ko mai fitarwa.

Masu haɗa tambayoyin ƙwallon zahiri, ku ma ku kula, domin 'yan eFootball ba sa rabuwa da su. Kofin Afirka mai suna na 2023, a watannin Janairu da Fabrairu na 2024 aka buga shi a Kwaddibuwa, inda masu masauki suka doke Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe. Idan ka ce "wa ya ci kofin Afirka a 2023" ka buɗe ƙofar gardama da hannunka. Akwai kuma tambayoyin da ke lalacewa da tsufa. Na taɓa ɗauko tsohuwar tambaya daga ajiyata game da yawan kofunan Turai na Real Madrid, amsar tana 14, alhali sun ɗauki na 15 a 2024. A cikin gem abin ya fi sauri, domin sabuntawa ɗaya kan sauya ƙarfin bindiga ko makin ɗan wasa. Duk abin da zai iya canzawa, sa masa shekara a cikin tambayar.

Kada ka kwafo amsa daga hotunan da ke yawo a Facebook, kada kuma ka dogara da abin da manhaja ta rubuto maka ba tare da ka duba ba. Buɗe gem ɗin ka gani da idonka, ko ka je shafin kamfanin. Telegram tana da gurbin bayani da ke fitowa bayan mutum ya zaɓi amsa. Cika shi da inda ka samo maganar. Rabin gardama a nan take mutuwa.

Sauran rabin kuma ka bar ta ta rayu, domin ita ce daɗin abin. Na daɗe ina ɗaukar duk wanda ya ce "admin, wannan amsar ba daidai ba ce" a matsayin mai neman raini, alhali gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Yanzu kafin a sanar da sakamako muna buɗe lokacin ƙorafi, kowa ya kawo hujjarsa, kuma ba ni ke yanke hukunci ba. Akwai wani babba a cikinmu da ba ya shiga gasar, shi ke duba hujjojin. Idan tambaya ta zama mai fuska biyu, a soke ta, a faɗi dalili. Ban taɓa ganin wanda ya bar guruf don an soke tambaya ba.

Game da tsauri, a da ina alfahari idan na yi tambaya babu wanda ya ci. Daga baya na lura cewa irin wannan daren shiru yake ƙarewa. Tambaya mai kyau ita ce wadda mutum zai ji amsar tana bakinsa, ya yi tunani kaɗan ya cafko ta, ko ya faɗi ya ce ai kuwa na sani. Ka tambayi wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar kofin duniya, da yawa za su tuna Rashidi Yekini a wasan Bulgeriya na 1994. Ka tambayi wanda ya ci ƙwallon zinare, wato wadda ke kawo ƙarshen wasa nan take a ƙarin lokaci, a kan Brazil a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, sai ka ga yayyenmu da ba su cika magana ba sun fito suna ba da labarin yadda ana 3-1 aka farke, Kanu ya rufe wasan 4-3. Yaran da aka haifa bayan nan suna ta tambaya. Irin wannan hirar ce ake nema. Kuma wanda ya faɗi tambaya mai sauƙi, kada ka ɗora hoton amsarsa a yi masa dariya. Na yi haka, na ga yadda sababbin shiga, musamman 'yan mata ƙalilan da muke da su, suka koma kallo kawai.

Wani zaluncin da na daɗe ina yi ban sani ba shi ne ba da maki ga wanda ya riga kowa amsawa. Na yi haka ne don hana mutane binciko amsa a Google. Amma abin da nake aunawa a zahiri ƙarfin sabis ne. Mai zaune a tsakiyar birni saƙonsa ya shiga nan take, wanda ke ƙauye ko aka ɗauke musu wuta yana lallaɓa caji, kafin tambayar ta buɗe masa an wuce ta. Gara ka sa lokaci, kamar daƙiƙa talatin, duk wanda ya ci a ciki makinsu ɗaya. Idan satar amsa kake tsoro, yi tambayar da bincike ba zai taimaka ba: yanko ɗan ɓangaren taswira ka ce ina ne nan, ko ka sa ƙarar bindiga a faɗi sunanta. Wanda ya buga ne kawai zai sani. Lokacin farawa ma ka duba shi, ya zama bayan sallar isha'i, ka kuma tuna abokinmu na Kumasi yana bayanmu da awa ɗaya, na Makka yana gabanmu da awa biyu.

Saura maganar kuɗi. Da gasar ta yi farin jini, wani ya kawo shawarar kowa ya riƙa zuba ɗan abu kafin ya shiga, wanda ya zo na ɗaya ya kwashe. Na amince, don a ganina kyautar za ta yi kauri. Wani malamin islamiyya da ke cikinmu ya kira ni gefe ya ce, "Ɗan'uwa, kowa ya zuba, ɗaya ya kwashe, saura su tafi da asara, wannan ai caca ce." Ban ji daɗi ba a lokacin, amma gaskiya ya faɗa, kuma na riga na ga alamarta: zargin maguɗi ya yawaita, yara 'yan sakandare suna zuba kuɗin makaranta. Muka daina. Idan za a yi kyauta, ta fito daga aljihun wanda ba ya cikin gasar, ko katin waya ne ko data kaɗan. A faɗi ko mene ne tun kafin tambaya ta farko, kada ka yi alkawarin abin da ba ya hannunka, kuma ka tura wa mai shi a daren, ka sanar a guruf cewa ya karɓa.