Na je kallon gasar hokin ƙanƙara ta jami'o'i a Boston da azumi a bakina

Jama'a duk watan Maris idan kakar wasa ta ƙare, jami'o'in Amurka masu buga hokin ƙanƙara kowane rukuni sai ya shirya tashi gasar ta cin kofi, kuma ni wadda na sani da idona ita ce ta rukunin da ake kira Hockey East, tunda a Jami'ar Boston nake karatu a 2024, wato BU. Rukunin tun 1984 aka kafa shi, makarantu 11 ne a ciki na ɓangaren maza, duk a jihohin arewa maso gabas, makarantu irin su Maine da Vermont da New Hampshire da Providence da UConn ta Connecticut da su UMass ta Massachusetts. Zagayen farko ana yinshi a filayen makarantu, waɗanda suka fi maki su ke karɓar baƙi, sai huɗun ƙarshe su taru a TD Garden, filin da ke Boston, gidan ƙungiyar hoki ta Bruins da ta ƙwallon kwando ta Celtics, wanda ke ɗaukar mutum kusan 18,000. Kofin sunan Lou Lamoriello aka sa masa, shi ne shugaban rukunin na farko.

Abun da ya sa ake ɗaukar gasar da zafi shi ne duk wanda ya ci kofin rukuninsu ya samu tikitin gasar ƙasa ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, kai tsaye. Ƙungiya 16 kacal ake ɗauka, rukuni shida ne kowanne da gurbi ɗaya, sauran goman kuma a lokacin da wani lissafi ake fitar da su mai suna PairWise wanda wallahi ko 'yan ajinmu masu karanta lissafi sai sun buɗe waya suke iya maka bayaninshi. To kaga makarantar da ta sha kashi duk shekara tana iya farfaɗowa a sati biyu ta ɗauki kofi ta shige, kuma shigarta na nufin an ture wani da ke bakin layi.

Semi fainal ta faɗo ranar Juma'a 22 ga Maris, azumi ya yi kwana goma sha. Na yi Juma'a a babban masallacin Roxbury, daga nan jirgin layin Orange ne kai tsaye zuwa North Station, filin kuma a saman tashar yake, kana fitowa daga jirgi kana cikin gungun masu jesi. Wasa biyu ake yi a jere daga la'asar har dare, rana kuma wajen ƙarfe 7 take faɗuwa a Boston a lokacin, so a ciki na sha ruwa, ruwan gora da soyayyen dankali, na samu lungu a baranda ta sama na yi magariba a kan jaket ɗina, ba wanda ya ce min kanzil. Wanda zai je da azumi ya ci sahur mai nauyi dan Allah, saboda ihu ake yi a tsaye, kuma sanyin ciki ba irin na waje bane, a hankali yake shiga ƙafa. Tikiti a waya yake, a yi caji, kar kuma a ɗauko ƙatuwar jaka.

Abokina da ya ja ni ɗan Massachusetts ne, tun yana yaro yake kan ƙanƙara, shi ya ce mu hau can sama kar mu nemi kusa da gilashi. Gaskiyarshi. A ƙasa za ka ji ƙarar yadda ake maka mutum da bango har cikin ƙirjinka amma ba za ka gane komai ba, pok ɗin ɗan faifan baƙar roba ne faɗinshi inci uku, daskarar da shi ma ake yi kafin wasa don kar ya riƙa tsalle, idan aka buga shi ido baya binshi. Daga sama kuwa ka daina neman pok, ka kalli inda mutane suka karkata, inda kawunansu ke kallo nan yake. Da na kama wannan sai wasan ya buɗe min gaba ɗaya.

Mutum shida shida ne, biyar da gola, zubi uku na minti 20, tsakani motar Zamboni ta fito ta goge ƙanƙarar ta koma sumul. Canji ba a tsayar da wasa, ɗan wasa baya kai minti ɗaya a ciki sai ka ga ya nufi benci wani ya tsallako katanga ya shigo, da farko sai kace rikici ne amma a lissafe yake, kuma ƙwallaye da yawa daga canjin da aka yi a makare suke fitowa. Satar gida a shuɗin layi take, dole pok ya riga ka shiga. Sannan babban abun, wanda ya yi laifi rafali zai tura shi akwati ya zauna minti biyu, 'yan ƙungiyarshi su rage huɗu a gaban biyar. Ni da na taso da ƙwallon ƙafa inda katin gargaɗi baya rage maka mutum, nan na ga laifin ganganci yadda yake cin mutum nan take. Dambe kuma da ake gani a bidiyon NHL, gasar ƙwararru, babu shi a wasan jami'a, wanda ya yi za a kore shi har wasan gaba ya shafa, kuma duk da ragar ƙarfe ko gilashi a fuska suke bugawa.

Ranar Juma'ar nan Boston College, BC, suka yi wa UMass 8 da 1, abun har ya daina daɗin kallo, mu kuma muka cire Maine 4 da 1. Amma 'yan Maine su suka burge ni a ranar. Daga Orono, garin jami'arsu, tafiyar wajen awa huɗu ce a mota, sun daɗe rabonsu da zuwa wannan matakin, suka zo da tsofaffi da yara da shuɗayen riguna suka cika wuri, ana cinsu suna waƙa. UMass kuma bayan wannan dukan sai suka koma gida suna jiran sakamakon wasannin wasu rukunan a wasu jihohi, da ƙyar da jiɓin goshi lissafin ya shigar da su gasar ƙasa a gurbin ƙarshe. Shi yasa nake cewa idan kuɗin rana ɗaya gare ka, ranar Juma'ar ka saya. Makaranta huɗu, ganguna da kakakin kowace makaranta, kuma a nan ne ake samun waɗanda shekararsu gaba ɗaya ke rataye da wasa ɗaya.

Fainal ranar Asabar BC da BU. Duk su biyun sun riga sun samu gurbin gasar ƙasa, su ne na ɗaya da na biyu a duk Amurka a lokacin, mai hankali zai ce to a lallaɓa mana kar a ji ciwo. Ina! Makarantun nan a titi ɗaya suke, Commonwealth Avenue, jirgin layin Green reshen B shi ke ɗaukar ɗaliban duka biyun, yana ratsa ta tsakiyar BU ya je ya ƙare a ƙofar BC, kuma kowace Fabrairu suna cikin gasar Beanpot tare da Harvard da Northeastern a wannan filin dai. Kamar kishiyoyi ne a gida ɗaya, ko ba abun rabo sai an gwada. Ɓangaren ɗalibai ba a zama, idan aka ci gola sai dubban mutane su nuna shi da yatsa suna kiranshi rariya, yaro ɗan shekara 19 ko 20 fa, ni dai abun ya min yawa da farko amma ban ɓoye muku ba daga baya har da ni.

Mu muna taƙama da Macklin Celebrini, shekararshi 17 lokacin, shi ya zo ya ci kyautar Hobey Baker ta gwarzon ɗan wasan jami'a, San Jose Sharks suka ɗauke shi na ɗaya a zaɓen NHL na 2024, ga Lane Hutson a baya, ɗan ƙarami amma baka iya ƙwace pok a sandarshi. Su kuma suna da 'yan shekarar farko uku a layi ɗaya, Will Smith da Ryan Leonard da Gabe Perreault, da Cutter Gauthier, da gola Jacob Fowler. Wannan Smith ɗin shi kaɗai ya zura mana huɗu, aka tashi 6 da 2, kuma da yawa a ciki sun shiga ne muna da mutum zaune a akwati. Yaran sun san juna tun kafin su zo jami'a, tare suka buga a shirin matasa na ƙasa, idan suka samu rarar mutum ɗaya sai su yi ta zagaya pok ɗin har masu tsaronmu su gaji su buɗe gefe. A wasan lig idan ka yi haka yau gobe ka gyara, tunda yawanci Juma'a da Asabar ake bugawa, a nan kam babu gobe. Kofin BC na farko kenan tun 2012, kuma abun haushin jirgi ɗaya muka hau da su zuwa gida, mu muka fara sauka suna ɗaga mana hannu ta taga.

Abun da zan ƙara wa mai shirin zuwa, kar ya tsara komawa gida da wuri. A wannan gasar babu canjaras kuma babu bugun fenariti, idan aka tashi kunnen doki ƙarin minti 20 ake yi biyar da biyar, wanda ya fara ci ya gama, in ba a ci ba a goge ƙanƙara a sake wani. A 2023 haka muka ɗauki kofin a kan Merrimack, Hutson ne ya ci a ƙarin lokaci. Mai tarawih a jam'i ya san da wannan tun kafin ya sayi tikiti, ni a ɗaki na yi tawa daren biyun.

Sati uku bayan nan duk mu biyun muka kai Frozen Four, wato huɗun ƙarshe na gasar ƙasa, a St. Paul ta jihar Minnesota, Denver ta cire mu 2 da 1 a ƙarin lokaci, ta zo fainal ta yi wa BC 2 da nema, kuma Allah ya gani a unguwarmu ba wanda ya yi musu jaje. 'Yan Maine ɗin nan kuwa da suka dawo a 2025 sai da suka tafi da kofin Lamoriello, suka ci UConn 5 da 2, na farko a wurinsu tun 2004.