Na'urorin lantarki da ake gwadawa kan kansar da ta yi nisa: yadda suke aiki da inda ƙarfinsu ya tsaya

Idan ciwon daji ya kai matakin da tiyata da kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa) suka gaza, iyalai sukan kama duk igiyar da aka miƙo musu. A irin wannan lokaci ne ake yawan jin labarin na'urar da ke kashe kansa da wutar lantarki ko maganaɗisu. Akwai na gaskiya a cikinsu, amma ba su da yawa, kuma ya kamata a san iyakarsu tun kafin a ɗora musu buri.

Wadda aka fi yin bincike a kanta ita ce Optune, ta kamfanin Novocure da Farfesa Yoram Palti ya kafa a shekarar 2000. Ƙwayar kansa tana yawan rabuwa biyu, kuma a lokacin rabuwar takan shimfiɗa wasu siraran zarurruka da ke raba kayan gadon halittarta gida biyu. Na'urar tana tura ƙarfin lantarki mai rauni, bolt 1 zuwa 3 a kowace santimita, wanda ke kai da komo sau 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Wannan kaɗawar tana hana zarurrukan daidaituwa, sai rabuwar ta lalace, ƙwayar ta mutu. Ƙwayoyin jijiya na ƙwaƙwalwar babba ba su cika rabuwa ba, shi ya sa abin bai taɓa su sosai. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2011 don kansar ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma idan ta dawo, sannan a 2015 don wadda aka gano sabuwa.

Wahalar tana wajen ɗaurawa. Ana aske kai ƙwal da injin aski, domin reza na iya yanka fata, rauni kuma a ƙarƙashin faifan da ke shigar da wutar masifa ne. A wanke, a bari ya bushe sarai, sannan a manna faifai huɗu: gaba, ƙeya, dama da hagu, a wuraren da aka auna daga hoton MRI na mara lafiyar. Wayoyinsu suna shiga wani akwati mai nauyin kusan kilo 1.2 da ake ratayawa a jaka, batirinsa na ɗaukar awa 2 zuwa 3. Ana so a bar ta a kunne aƙalla awa 18 a kullum, har cikin barci, domin babu abin da ke saura a jini kamar magani. Da an kashe ta, aikin ya tsaya.

Duk bayan kwana 3 ko 4 sai an ɓare faifan, an sake aski, an manna sababbi, a ɗan gusa su kamar santimita 2 don fatar da ta sha matsi ta huta. A nan ake yawan kuskure. Gashi in ya tsiro, ko gumi ya jiƙa mannin, faifan sai ya ɗago, wutar ta taru a ɗan wuri, fatar ta yi zafi. Da zafin ya kai digiri 41 na'urar za ta tsaya ta yi ƙara. Shafa mai mai kauri a kai ma yana toshe hanyar wutar. Kusan rabin masu amfani da ita suna samun ƙaiƙayi, ja ko ƙuraje a fatar kai. Likita kan ba da man shafawa, kuma ba a manna faifai a kan gyambo ko tabon tiyatar da bai warke ba. Mai na'urar daidaita bugun zuciya ko wata na'urar lantarki a jiki, da wanda aka cire masa wani sashe na ƙoƙon kai ba a mayar ba, ba a ɗaura musu.

To, me ake samu? A babban gwajin da aka wallafa a 2017, mai mutum 695 masu giliyobilastoma, rabin waɗanda suka haɗa na'urar da maganin temozolomide sun wuce wata 20.9 a raye, masu shan maganin kaɗai kuwa wata 16. Kusan wata biyar ke nan, kuma ga mai irin wannan ciwo ba ƙaramin abu ba ne, amma ba warkewa ba ce. Wasu likitoci sun soki gwajin saboda ba a ba ɗaya rukunin na'urar bogi don kwatantawa ba. An gwada ta kan kansar ma'ajiyar ƙwai ta mata, sakamakon 2023 bai nuna ƙarin kwana ba. A kansar huhu da ta bazu kuwa an ga amfani, aka amince da ita a 2024.

Ta biyu, TheraBionic P1, tsarinta daban ne. Mara lafiya yana ɗora wani ƙarfe mai kama da cokali a kan harshe na awa ɗaya, sau uku a rana, yana shigar da igiyar rediyo ta megahaz 27.12 cikin jiki. FDA ta ba ta izini a 2023 don kansar hanta da ta ƙi jin magani na farko da na biyu, amma ta ƙofar da aka ware wa na'urorin cututtukan da ba su da yawa, inda bayan duba haɗarinta yiwuwar amfani kawai ake nema. Gwajin da aka fi ambata an yi shi a Barazil da mutum 41, babu rukunin kwatantawa. Hujjarta ba ta kai ta farko ƙarfi ba.

Ban da waɗannan, intanet cike take da tabarmin maganaɗisu da akwatunan da ake cewa suna farfasa kansa, waɗanda babu gwajin da ya tabbatar da su. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ya ajiye maganin asibiti saboda su. Kafin a amince da kowace na'ura, a tambayi likitan kansa: wane nau'in ciwo aka gwada ta a kai, mutum nawa, wata nawa ta ƙara, kuma wa zai riƙa taimaka wa mara lafiyar da aski da sauya faifai sau biyu a mako.