Riƙon bakin kyauro: inda aikin ya kai

'Yan'uwa masu koyon haɗa kibiya, kyauron da na yanko a bakin kogi wajen Ringim ya bushe, na kuma miƙar da shi a kan garwashi. Yanzu abu guda ya rage mini, wato yadda bakin kyauro zai riƙe ƙarfe.

Kun san kibiyarmu ba ta da gashi a gindi irin ta Turawa. Nauyin ƙarfen gaba shi ke jan ta ta tafi sak. In wutsiyar ƙarfen ta ɗan karkace a cikin totuwa, ko tana rawa, babu abin da zai gyara mata hanya a iska. Za ka riƙa zargin baka ko hannunka, alhali ɓarnar tana bakin kyauro.

Ga yadda nake yi yanzu. Naɗi kafin cusawa, ba bayanta ba. Ina jiƙa jijiyar saniya ta yi laushi, in tsattsaga ta siriri, in naɗe bakin kamar faɗin yatsu biyu, zare kusa da zare, babu hawan juna. Sai in huda totuwar da tsinke wanda bai kai wutsiyar kauri ba, in shafa ƙaro kaɗan, in tura ƙarfen a hankali ina juyawa. Jijiya in ta bushe tsukewa take yi, ita ke ƙarasa matsin. Wanda ya ja ta da ƙarfin tsiya tana ɗanya, da safe zai tarar da siririyar tsaga ta ɓullo ƙarƙashin naɗin, kuma wannan kyauron ya tashi daga aiki.

Abin da na lura da shi a jikin buhun ƙaiƙayin da nake harbi: kibiyoyin da riƙonsu ya zo ɗaya su ke taruwa wuri guda, ko da matsin ba mai tsanani ba ne. Masu cusa harsashi da kansu a Amurka don gasar harbin nesa, wannan suke bi. Sukan matse wuyan kwanson tagullar da ke riƙe harsashin, ya gaza kaurin harsashin da kamar inci 0.002, wajen milimita 0.05 ke nan, don kowane ɗaya ya kuɓuce da ƙarfi iri guda, gudunsu ya daidaita. Har gasa wuyan suke yi da wuta, saboda tagulla taurara take in an sha matse ta. Nasu sai ya saki, namu kuwa ba a so ya motsa. A nan Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba lasisi, don haka mu tsaya kan kyauronmu.

Gwajina mai sauƙi ne. In kafa tsinin a kan katako, in murza kyauron tsakanin tafuka. In gindin yana lilo, ƙarfen bai zauna tsakiya ba, sai in kwance tun jijiya ba ta gama bushewa ba.

Ƙarfen ma sai an zaɓa. Na roƙi maƙerinmu, na ce, "Baba, a taimaka wutsiyoyin su zo kauri ɗaya." Ya yi dariya, ya ce maharban zamanin baya ba su taɓa ɗora masa wannan wahalar ba, amma ya yi.

Duk wannan aikin hunturu ne. Jijiya tana shan laima, saboda haka na ware wasu a kwari ban taɓa su ba, in damina ta sauka zan sake murza su in ga waɗanda suka saki.