Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Makonnin Jira a Gidan Kakata

A makon jiya na tsaya ne a inda aka kai ni riƙo wurin kakata a Wusasa, kusa da Zariya. A gidanta na fara sanin lokacin Zuwan Almasihu, wanda yakan soma Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba, daidai sa'ad da hunturu yake shigowa, ana kuma girbin dawa.

A tsohuwar majami'ar St. Bartholomew, wadda aka gina da ƙasa a 1929, mukan ji karatu daga annabcin Ishaya da wa'azin Yohanna Mai Baftisma, mai kira a shirya hanyar Ubangiji. Kaka ba ta ɗauki wannan kira a matsayin karatun Lahadi kawai ba. A cikin makonnin nan takan biya duk bashin da ake bin ta, ta auna dawa a kai wa gwauraye da marayu, idan kuma akwai maƙwabciyar da suka saɓa a cikin shekarar, ita take fara taka ƙafa ta je neman gafara, ko da kuwa ita ce babba. Sababbin tufafinmu suna kulle a akwati, ba mai taɓa su.

Bayan tuwon dare takan kunna fitilar ƙwai, ta buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar 1932, ta karanta farkon Bisharar Luka, inda labarin Zakariya mahaifin Yohanna Mai Baftisma yake, sa'an nan kowa ya yi shiru na ɗan lokaci kafin addu'a. Wata rana na ce, “Kaka, me ya sa muke yin shirun nan?” Ta ce, “Jikana, Zakariya ya yi wata tara bakinsa a rufe, kuma ranar da Allah ya buɗe shi, yabo ne ya fara fitowa.”

Yanzu tun farkon Disamba hankalinmu yakan koma kan tela da kuɗin shinkafa da na mota, har ranar Kirsimeti ta zo ta tarar da mu a gajiye. Ban raina ɗinki da girki ba, domin Kaka ma tana yin su, amma ba ta taɓa bari su cinye mata lokacin tuba da addu'a ba, kuma a ganina wannan ne muka yi sakaci da shi.

A Disambar shekarar da na gama firamare ne mahaifina ya zo ya tafi da ni Kaduna. Daga nan zan ɗora mako mai zuwa, in Allah ya yarda.