Inna da haruffan boko

Shekara ta biyu da gama NCE a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, aiki bai samu ba, sai na karɓi ajin yaƙi da jahilci na matan aure a wani zaure a unguwar Mabera, cikin Sakkwato. Bayan la'asar muke zama, mata 23, allo ɗaya, tabarmi uku. A watan Afrilu zauren nan kamar tanda yake, amma suna zuwa.

Cikinsu akwai wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna. Wata huɗu muna fama, ta kasa raba b da d, kuma duk sanda ta ɗauki fensir daga hannun dama take fara rubutu. Ran nan haƙurina ya ƙare, na ɗaga mata murya a gaban sa'o'in 'ya'yanta. Ba ta ce uffan ba, ta naɗe littafinta a gefen mayafi ta tafi. Kwana uku ba ta zo ba.

Mahaifiyata ce ta kore ni zuwa gidanta, ta ce idan ban je na ba da haƙuri ba kada in ci tuwonta. Na tarar da Inna a tsakar gida tana rubuta bashin masu sayen fura a wani tsohon littafi. Da ajami. Rubutu tsaf, layi bai karkace ba. Kunya ta rufe ni, don ni da takardar shaidata ba na iya karanta abin da ke gabana sai da ƙyar.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta ce, "Ɗiyata, ba karatu na ban iya ba, naku na ban iya ba. So nike in gane sunan da ka fitowa ga waya, in bar kiran yara su duba min."

Kakarta, in ji ta, 'yar taru ce, cikin matan da jajis, wato malamai mata masu zagayawa, ke kai wa waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗan Fodiyo har ƙauye. Ni kuwa a garin da Nana ta yi wannan aikin na zauna ina kiran jikarsu jahila a raina.

Daga ranar na sauya hanya. Kowane harafin boko sai in sa ta rubuta ɗan'uwansa na ajami a ƙarƙashi: harafin "ba" a ƙarƙashin b, "dal" a ƙarƙashin d. Muka ɗauko takardar naira 1000, ta karanta "naira dubu" da ajamin da ke jiki, ni kuma na rubuta mata shi da boko. Ban sassauta mata ba ko kaɗan. Idan ta yi kuskure sai ta sake, sau biyar ma. Tsawar ce kawai na daina, na kuma koyi tambayar mace abin da ta riga ta sani kafin in buɗe baki. Ashe mata tara a ajin suna da ajaminsu, ba wadda ta taɓa faɗa.

Bai zo da sauri ba. Sai bayan babbar salla, wata bakwai da zuwana gidanta, wayarta ta yi ƙara ana tsakiyar darasi. Ta ɗaga ta nesa da ido, ta haɗa haruffan ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Autana na. Bari shi jira, karatu mukai."